Tambayoyin Masu Karatu: Baƙin Rini ko Farin Ƙarfe Mara Tsatsa ga Babbar Libarba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin birnin Houston ne a jihar Texas ta Amurka, kuma na cika dukkan sharuɗɗan da doka ta gindaya wa mai son mallakar bindiga. Abokan aikina sun daɗe suna zuwa farautar barewa a dazuzzukan gabashin jihar, bana kuwa ina so in bi su da libarba mai cin harsashin .44 Magnum. A shagon da na je an nuna mini guda biyu na kamfanin Smith & Wesson, wato Model 29 mai baƙin rini da Model 629 ta farin ƙarfe mara tsatsa. Raina ya fi kwantawa da baƙar, amma mai shagon ya ce farar ce ta dace da ni, wani abokina kuma ya dage cewa baƙin ƙarfe ya fi ƙwari, ya kuma fi riƙe saiti. Wacce zan ɗauka? (Daga wani mai karatu a Houston)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A wannan karon mai shago ne da gaskiya, kuma shawarata ita ce ka ɗauki farar. Sai dai ba na so ka ɗauke ta don kawai an ce maka haka, domin dalilin da ya sa ta dace da kai ba shi da alaƙa da harbi ko kaɗan, ya ta'allaka ne da garin da kake zaune da irin wahalar da bindigar za ta sha a hannunka.

Bari mu fara kawar da maganar saiti, tun da ita ce mafi sauƙi. Bindigogin nan biyu da aka ajiye a gabanka ƙira ɗaya ce. Smith & Wesson ya fito da ta farkon a 1955, lokacin da shi da kamfanin Remington suka haɗa kai wajen samar da harsashin .44 Magnum bayan shekarun da maharbin nan Elmer Keith ya yi yana matsa musu lamba, kuma a 1957 aka laƙaba mata lamba 29. A ƙarshen shekarun 1970 ne aka maimaita ƙirar da farin ƙarfe aka kira ta 629, domin al'adar kamfanin ce ya fara lambar farar bindiga da 6, kamar yadda 686 take farar 'yar'uwar 586. Idan tsawon hancinsu, wato bututun da harsashi ke bi, da fasalinsa ɗaya ne, nauyinsu kusan ɗaya ne, naushin da za su yi wa tafin hannunka ma ɗaya ne. Abin da ke sa libarba ta riƙa zuba harsasai wuri guda shi ne kyawun ramin hancinta, da daidaiton ramukan gangar da ke juyawa, inda ake zuba harsasai, da yadda kowane rami ke tsayawa cif a bayan hanci kafin guduma ta faɗi, sannan laushin kunama da nutsuwar mai harbi. Launin fatar bindiga ba ya cikin wannan lissafi. Za ka iya samun baƙar da ta fi wata farar saiti, ka kuma samu akasin haka, amma bambancin na tsakanin bindiga da bindiga ne, ba na tsakanin ƙarfe da ƙarfe ba.

Shi baƙin rinin da ya ɗauki hankalinka ba fenti ba ne, ba kuma wani ƙarfe ne aka lulluɓa a sama ba. Tsatsa ce aka hore ta. Ƙarfe idan ya haɗu da iska da danshi yakan yi jar tsatsa, mai kumbura tana ɓarewa tana cin jiki, amma akwai wata baƙar tsatsar da ke manne wa ƙarfe ba ta ɓarewa, kuma ita ake haddasawa da gangan. A masana'antu ana goge sassan bindigar, a wanke musu duk wani maiƙo, sannan a tsoma su cikin tafasasshen ruwan da aka narka soda mai ƙuna da gishirin naitiret, wanda zafinsa ke kaiwa tsakanin digiri 135 da 155 a ma'aunin Salshiyas. Bayan ɗan lokaci sai su fito baƙi wuluk, a ɗauraye su, a shayar da su mai. Kaurin wannan fata bai wuce kashi biyu ko uku cikin dubu na milimita ba, kuma tana da ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Wannan shi ne sirrin abin gaba ɗaya: rinin shi kaɗai kariyarsa kaɗan ce, aikinsa shi ne ya riƙe mai, man kuwa shi ke tare danshi. Ranar da man ya bushe, ƙarfen da ke ƙasa, wanda galibi irin mai lamba 4140 ne da kuromiyam ɗin cikinsa, wato sinadarin da ke hana tsatsa, yake wajen kashi 1 cikin 100 kacal, ya zama ba shi da wani mai gadi.

Ban ga laifinka ba da ranka ya biya, domin babu abin da ya kai kyakkyawan rini daɗin kallo a jikin bindiga. Kyawun kuwa daga guga yake fitowa ba daga tukunyar rini ba, don gwargwadon santsin da magogi ya ba ƙarfe kafin a tsoma shi, gwargwadon zurfin launin da zai fito. Abin da ya ɗaukaka libarbar Python ta kamfanin Colt ke nan tun fitowarta a 1955, saboda ƙwararrun magogan kamfanin sukan bi ta da hannu mataki bayan mataki har ta fito da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi, irin ƙyallin rawani ɗan Kura da ya sha shuni ya sha bugu. Amma ka lura da abin da ya faru daga baya. Da Colt ya dawo da Python a 2020 bayan ya daina ƙera ta shekara da shekaru, da farin ƙarfe ya dawo da ita, sai daga baya ya biyo da mai rini. Babbar 'yar'uwarta Anaconda kuwa, mai cin .44 Magnum, tun fitowarta a 1990 da farin ƙarfe ta fito.

Yanzu ka ɗauki wannan kyakkyawar fata ka kai ta dajin gabashin Texas a watan Nuwamba. Ka fito da asuba raɓa na zuba, bindiga na cikin kuben fata a ƙugunka, da hantsi rana ta ɗaga ka fara gumi, da la'asar yayyafi ya sauko. Gumi ruwan gishiri ne, kuma yatsa ɗaya da ka dafa a gefen ganga ka manta ba ka goge ba, washegari za ka iya tarar da zanen yatsan nan ya fito ja-ja a jikin baƙin, layi bayan layi kamar an buga hatimi. Jini ya fi gumi muni, domin idan ka yanka barewa ka taɓa bindiga da hannun, ɗigon da ya kwana a kai yakan cinye rinin ya bar farin tabo. Kuben fata kuma yana shan danshi ya riƙe, ga ragowar sinadaran jima a jikinsa, sannan shiga da fita kullum yana goge rinin a bakin hanci da gefunan ganga har ƙarfen ya fito fari. Duk waɗannan ba sa hana bindiga harbi, kuma maharban Amurka sun yi shekaru fiye da ɗari suna yawo da baƙaƙen bindigogi a cikin ruwa da ƙanƙara. Amma sun yi hakan ne da tsumman mai a aljihu, kuma ba sa kwanciya barci sai sun goge.

Farin ƙarfen kuwa kariyarsa a cikin jikinsa take. Wani abin sha'awa shi ne asalinsa ma daga neman maganin matsalar bindiga ya fito, domin Harry Brearley na birnin Sheffield a Ingila yana binciken ƙarfen da zai jure zaizayar cikin hancin bindiga ne a 1913 lokacin da ya lura cewa wanda aka zuba wa kuromiyam da yawa ba ya saurin tsatsa. Idan kuromiyam ya kai kashi 10.5 cikin 100 ko fiye, yakan haɗu da iska ya yi wata siririyar fata da ba a gani, wadda idan aka karce ta sai ta sake rufewa da kanta. Duk da haka an daɗe kafin a iya ƙera libarba da shi, saboda yana da wuyar yanka yana kuma cin bakin injina, sai a 1965 Smith & Wesson ya fito da ƙaramar Model 60, wadda ita ce libarba ta farko ta farin ƙarfe da aka ƙera da yawa don kasuwa.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, suna zaton ƙarfen bindigar iri ɗaya ne da na cokulan gidansu. Na cokali mai kyau yakan ƙunshi kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, yana da matuƙar jure tsatsa, amma ba a iya ƙara masa tauri da wuta yadda bindiga ke bukata. Na bindiga galibi daga dangin 410 da 416 yake, kuromiyam ɗinsa wajen kashi 12 zuwa 13 ne, ana iya taurara shi, kuma idan ka kusantar da mayen ƙarfe zai kama shi. Saboda haka yana tsatsa, sai dai a hankali, kuma babban maƙiyinsa shi ne gishiri, ko na gumi ko na iskar teku, wanda ke huda masa ƙananan ramuka a wuraren da iska ba ta shiga. Wurin da aka fi samun wannan ɓarna shi ne ƙarƙashin mariƙin roba. Mutum zai shekara yana goge wajen bindiga tana walƙiya, ranar da ya kwance kusar mariƙi sai ya tarar da jajayen ɗigo-ɗigo sun jeru a jikin ƙarfen inda gumi ya kwarara ya kwanta. Ka kuma sani cewa ba kowane sashe na farar bindiga ne fari ba: sifirin-sifirin na ciki da ƙarfen saiti, har ma da guduma da kunama a wasu samfuran, baƙin ƙarfe ne da ke bukatar mai kamar kowane.

Maganar abokinka ta ƙwari tana da tushe, sai dai tushen ya tsufa. A farkon zamanin farin ƙarfe an sha fama da wata matsala, wato idan sassa biyu na ƙarfe iri ɗaya suna gugar juna sai su riƙa cizon juna suna kakkarcewa, abin da ya sa jan kunama ya kan yi kaushi. Don haka ne Smith & Wesson ya koma sa guduma da kunama na baƙin ƙarfe da aka shafa wa kuromiyam a cikin fararen bindigoginsa, wasu kamfanonin kuma suka riƙa bambanta taurin sassan da ke haɗuwa. An daɗe da wuce wannan. Akwai kuma wani labarin da ake cakuɗawa da shi: a shekarun 1970 da 1980, lokacin da gasar harbin gumakan ƙarfe daga nesa ta yi tashe a Amurka, masu zuba wa Model 29 dubban harsasai masu nauyi sun riƙa ganin tana saki, ganga tana komawa baya bayan harbi. Matsalar ta shafi baƙar da farar baki ɗaya, kuma gyaran da kamfanin ya yi a ƙarshen shekarun 1980 na ƙirar sassan ciki ne, ba na irin ƙarfe ba.

Idan abokin naka bai gamsu ba, ka nuna masa abin da ake ƙera manyan dodannin da shi. Matsin da harsashin .44 Magnum ke haifarwa, bisa ƙa'idar masana'antun Amurka, bai wuce fam 36,000 a kan kowane inci murabba'i ba. Na harsashin .454 Casull yana kaiwa 65,000, kuma libarbar da kamfanin Freedom Arms na jihar Wyoming ya fara ƙera masa a 1983 ta farin ƙarfe ce. Da kamfanin Ruger ya so ya sa wannan harsashi har guda shida a gangar libarbarsa Super Redhawk, inda bangon da ke tsakanin ramuka ya zama siriri, wani farin ƙarfe na musamman mai suna Custom 465 ya nema daga kamfanin Carpenter. Haka nan Model 500 da Smith & Wesson ya fitar a 2003, wadda matsin harsashinta ke kaiwa 60,000, da farin ƙarfe aka yi ta. Ƙarfin bindiga yana zuwa ne daga irin haɗin ƙarfen da yadda aka gasa shi da kaurin da aka bar masa, kuma injiniyoyi sun san yadda za su samu abin da suke so daga kowane ɓangare.

Wajen wanki ma farar ta fi sauƙin sha'ani, ko da yake ta fi nuna datti. Bayan harbi kaɗan za ka ga baƙaƙen zobba sun kewaye ramukan fuskar ganga, ga hayaƙi ya yi mata gemu a gefe. Zobban nan suna nan a jikin baƙar ma, rini ne kawai ke ɓoye su, kuma ba su da wata illa. Akwai wani ƙyalle mai sinadari da ake sayarwa don cire dalma da ƙonannen albarushi, wanda ke share su cikin minti kaɗan a jikin farar, amma idan ka kuskura ka goga shi a jikin baƙar zai tafi da rinin gaba ɗaya. Ita ma farar tana da nata haramcin: kada ka taɓa goge ta da soson ƙarfe na gama-gari, domin ƙananan ɓurɓushinsa za su nutse a jikinta su yi tsatsa, ka wayi gari kana zargin bindiga alhali soso ne ya jawo. Burushin tagulla ko na roba ya wadatar. Karce kuwa idan ya samu farar, ana iya bin sa da soson roba mai ɗan kaushi ta fuskar da zanen gugar asali ya bi har ya saje, domin launin ɗaya ne daga sama har ƙasa. A jikin baƙar, karce ya zauna ke nan sai an sake rini.

Wasu maharba na cewa farar bindiga tana walƙiya tana korar dabba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma an cika shi da gishiri, domin baƙar da aka goge kamar madubi ita ma tana mayar da hasken rana, kuma yawancin fararen da ake ƙera wa mafarauta ana dusashe musu jiki. Ƙarfen saitin da idonka ke kallo baƙi ne a kan dukkansu. Barewa ta fi saurin kama motsinka da warinka fiye da launin abin da ke cikin kube.

Abin da ya yanke hukunci a wurina shi ne Houston. Gari ne da ke samun ruwan sama fiye da milimita 1,200 a shekara, ga laimar da ke tasowa daga Tekun Meziko kusan kowane wata, kuma bindigar da aka fito da ita daga ɗaki mai sanyin na'ura zuwa cikin wannan iska nan take takan yi gumin kanta. Kai kuma sabon shiga ne, ma'aikaci, wanda zai dawo daga daji daren Lahadi a gajiye, gobe Litinin aiki na jiransa. Ka tambayi kanka tsakani da Allah ko a irin wannan dare za ka zauna ka sauke harsasai, ka goge kowane lungu, ka shafa mai kafin ka kwanta. Idan amsar ita ce wani lokaci, to farar za ta yafe maka kwana biyu ko uku, baƙar kuwa ba ta da wannan haƙuri. Da a ce bindigar filin atisaye kawai za ta riƙa zuwa ta dawo akwati, da na ce ka bi zuciyarka ka ɗauki baƙar ba tare da wata fargaba ba. Kuma ko wacce ka saya, ka fara koyon ta da harsashin .44 Special, wanda ke shiga cikinta lafiya lau kuma naushinsa bai kai na Magnum ba, kafin ka hau kan manyan.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina zaune a Phoenix ta jihar Arizona. Na samu wata tsohuwar Model 29 ta shekarun 1970 a hannun wani dillali mai lasisi. Rininta ya goge a bakin hanci da gefen ganga, akwai kuma 'yan ɗigon tsatsa a gefe guda. Ina tunanin in saya in kai a sake mata rini ta koma sabuwa. Ko hakan daidai ne? (Daga wani mai karatu a Phoenix)

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Saye dai ka saya idan cikinta lafiya, amma sake rini ina roƙonka ka dakata. Model 29 ta wancan zamani tana da abubuwa biyu da masu tara bindigogi ke nema, wato 'yar ƙusar da ke riƙe hanci a jikin bindigar, da ramukan ganga da aka fafe domin gindin harsashi ya nutse ciki, kuma kamfanin ya daina yin duka biyun a 1982. A kasuwar irin waɗannan, rinin asali ko da ya goge ya fi sabon rini daraja, domin ba a sake rini sai an sake guga, guga kuwa tana cin ƙarfe. Magogin da hannunsa bai faɗa ba zai dusashe rubutun kamfani da tambarinsa, ya mayar da kaifafan gefuna su zama masu lanƙwasa, ya faɗaɗa bakin ramukan kusoshi, kuma wanda ya san bindiga da kallo ɗaya zai gane an taɓa ta. Gogewar bakin hanci alama ce ta kube kawai. Haka ma siririn layin da za ka gani ya zagaye ganga, wanda 'yar sakatar da ke tsayar da ita ke zanawa, kusan babu libarbar da aka yi aiki da ita da ba ta da shi.

Abin da ya kamata ka duba kafin ka biya kuɗi yana ciki. Bayan ka tabbatar da idonka cewa babu harsashi a ko wane rami, ka ja guduma a hankali a kan kowane ɗaya daga cikin ramuka shida ka ji ko ganga na kullewa kafin guduma ta kai ƙarshe. Ka girgiza gangar gaba da baya ka ji ko tana da wasa da yawa, ka haska fitila cikin hanci ka nemi ramukan tsatsa ko kumburi, ka kuma duba mashigar hanci ta baya ko ta tsage. Ka nemi izinin dillali a cire mariƙin katako a ga abin da ke ƙarƙashinsa. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya ba ka shakka, kai ta wurin ƙwararren mai gyaran bindiga ya fi arha a kan nadama.

'Yan ɗigon tsatsar kuwa maganinsu ba wuya. Ka jiƙa wurin da man bindiga ya kwana, sannan ka bi shi a hankali da soson tagulla mai laushi, ba tare da dannawa ba, kana gogewa da farin tsumma har jan ya daina fitowa. Akwai ruwan rini na kwalba da ake shafawa ba tare da wuta ba, amma launinsa ba ya sajewa da na asali, ba ya daɗewa, yana kuma barin wani wari da masana ke shinshinawa su gane, saboda haka a kan tsohuwar bindiga mai daraja gara a bar tabon da mai a kansa. Garinku ma yana taimakonka, tun da ruwan da Phoenix ke samu a shekara bai kai milimita 250 ba, kuma a irin wannan bushewa baƙar bindiga takan yi shekaru ba ta canja ba. Abin da za ka kiyaye shi ne gumin hannu, da ajiye ta cikin kuben fata ko akwati mai soso, waɗanda ke riƙe danshi. Ka ajiye ta tsirara a akwatin ƙarfe mai makulli, da ɗan ƙunshin sinadarin da ke tsotse laima a gefe. Tun da kuma an ƙera ta kafin gyaran ƙarshen shekarun 1980, kada ka mayar da harsasai mafiya nauyi abincinta na kullum.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni manomi ne kuma ina da bindigar farauta mai baki biyu da lasisinta. Duk damina sai ta yi tsatsa, rininta kuma ya kusa ƙarewa. Wani ya ce in kai a dafa ta a ruwan soda. Sannan ina ganin hotunan manyan libarbobin nan farare a intanet, shin mutum zai iya yin odarsu zuwa nan gida? (Daga wani mai karatu a jihar Kaduna)

Amsa: Allah ya ba da amfani mai albarka, Alhaji. Tambayarka ta biyu amsarta gajeriya ce. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa libarba da sauran ƙananan bindigogin hannu cikin rukunin makaman da aka haramta, waɗanda babu mai ba da lasisinsu sai shugaban ƙasa, kuma shigo da su ba tare da izini ba babban laifi ne mai kai mutum gidan yari. Ka bar su a hoto.

Shawarar dafa bindigarka a ruwan soda kuwa kada ka karɓe ta. Yawancin bindigogi masu baki biyu, musamman tsofaffi, an haɗa hancinansu da siririn ƙarfen da ke tsakaninsu ne da laushin walda ta dalma da kuza, kuma tafasasshen ruwan soda yana cin wannan walda, ya kuma maƙale a cikin kogon da ke tsakani ya ci gaba da ɓarna bayan an gama. Ana iya wayar gari hancinan sun saki juna, abin da ke da haɗari ga mai harbi. Irin waɗannan ana yi musu rinin sannu ne: a shafa wa ƙarfen wani ruwa mai tsami, a bar shi cikin danshi ya yi jar tsatsa mai laushi, a tafasa shi a tsabtataccen ruwa har jan ya koma baƙi, a kakkaɓe da burushi mai laushi, a kuma maimaita sau da dama cikin kwanaki har launin ya kama. Aiki ne na mai haƙuri kuma wanda ya ƙware, don haka sai ka nemi mai gyaran da hukuma ta yarda da shi.

Kafin ka same shi, ka daina jingine ta a jikin bangon ƙasa ko barin ta cikin jakarta da damina, ka riƙa shafa mata man bindiga ko man keken ɗinki duk mako daga Yuni zuwa Satumba, ciki da waje. Ka guji man gyaɗa da manja, domin suna daskarewa su yi danƙo a cikin sassanta. Da hunturu kuma ka rage man, saboda ƙurar da iska ke kawowa tana manne masa ta koma kamar yashi tana cin rinin da ya rage.